Amsar Kawu Kan Garin da Ake Kaɗawa Kafin Ɗaga Ƙarfe

Ɗana Sani, saƙonka ya iso. Ka ce tunda 'yan dambe da 'yan kokawar da ma suna shan magani kafin su shiga fage, me zai hana kai ma ka kaɗa garin nan na ƙara kuzari da ake sayarwa a roba kafin ka tafi ɗaga ƙarfe?

Gaskiya ne suna sha. Akwai jiƙo, akwai rubutu, amma mafi yawa ɗaurawa ake yi, laya da guru da kambu. Ba zan wanke su tas ba, wasunsu har wiwi sukan busa. Sai dai ƙarfin daga gona da mahauta ya fito, da tuwo da fura. Kuma wasan na kaka ne, bayan an kai amfani gida. Ba wanda yake ɗirkar jiƙo kullum safiya.

Naka garin, jigonsa sinadarin kafin ne, irin wanda ke cikin goro da kofi. Ludayi ɗaya kan ɗauki miligiram 150 zuwa 300, alhali likitoci sun ce kada baligi mai lafiya ya wuce 400 a yini. To ga shayinka na safe, ga lemon ƙara kuzari da kuke sha kamar ruwa. Daga nan sai bugun zuciya, rawar hannu, hawan jini, gudawa. Ka sha da la'asar, har bayan isha'i kusan rabinsa na cikin jini, barci ya gagara, gobe ka tashi a gajiye ka ƙara ludayi. Shi kuwa tsikarin da kuke ji a fuska kuna murna wai ya fara aiki, wani sinadari ne beta-alanine ke taɓa jijiyoyin fata, ba ƙarfi ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka ɓoye. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikin irin waɗannan garin, dokar 1994 ba ta tilasta hukuma ta gwada su kafin a kai kasuwa ba. An yi wani mai suna Jack3d da DMAA a ciki, wani sinadari mai zaburar da jiki. Sojojinsu biyu da suka yi amfani da DMAA sun mutu a wajen atisaye a 2011. A 2012 wata mata mai shekara 30 ta faɗi ta mutu dab da ƙarshen gudun fanfalaƙi na Landan, bincike ya gano shi a jininta. Can ke nan, ina ga wanda aka ɗuro mana a ƙulli ba ko lambar NAFDAC?

Kuma kada ka manta, kakanka da hawan jini ya rasu. Ka je a auna ka tukuna. In ka nace sai ka sha, rabin ludayi da ruwa mai yawa, ban da watsa busasshen gari a baki, ban da haɗa shi da taramol. Ranar da ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri na ɗibarka, ajiye ƙarfen ka nufi asibiti.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan salla.