Filashin Linux Ya Ƙi Tashi: Wa Ke Riƙe Da Makullin Kwamfutar?

Ka tambaye ni ka ce: "Maigida, na sa Linux a filash, na danna F12 na zaɓe shi, sai kwamfutar ta fito da jan gargaɗi ta koma Windows. Filashin ne ya lalace, ko in kashe Secure Boot kawai?"

Da wuya laifin filashin ne, ɗana. Kuma kada ka kashe komai tukuna, don in ka yi garaje za ka iya raba mai kwamfuta da fayilolinsa.

Idan ka kunna kwamfuta, ba Windows ke fara tashi ba. Akwai manhaja a cikin guntun babban allo, wadda muke ce wa BIOS har yau, ko da yake sunanta na yanzu UEFI. Ita ke neman abin da zai tayar da babbar manhaja, wato Windows ko Linux. Secure Boot mai gadi ne a wannan ƙofa: duk fayil ɗin da zai tashi, sai ya duba hatiminsa. Yana da jerin amintattu, db, da jerin waɗanda aka kora, dbx, sannan makulli biyu na sama, PK da KEK, masu ikon sauya jerin. PK na kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne. A cikin db kuwa, kusan kowace kwamfuta hatimin Microsoft za ka tarar, tun 2012 da aka wajabta tsarin ga masu son tambarin Windows 8.

Amfaninsa gaskiya ne, yana tare muguwar manhaja mai shiga kafin babbar manhaja ta farka. Amma ka lura da inda gizo ke saƙar: mutum ya biya kuɗinsa ya sayi na'ura, makullin ƙofarta kuma yana hannun wani. A Surface RT, kwamfutar hannu ta Microsoft ta 2012, ba a ma ba ka damar kashe Secure Boot. Ni a ganina, gadin da mai gida ba zai iya ba shi umarni ba, ba gadinsa ba ne.

Masu Linux sun samo hanya. Wata ƙaramar manhaja ce mai suna shim, wadda Microsoft ta sa wa hatimi. Ita ke tashi, sai ta tayar da wata manhajar tayarwa mai suna GRUB, shi kuma ya tayar da Linux. Shi ya sa nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Fedora da openSUSE, da Debian tun fitowa ta 10 a 2019, ke tashi ba tare da an kashe komai ba. Filashin Arch kuwa ba shi da wannan hatimi, dole a kashe Secure Boot kafin ya tashi. To fara da tambayar kanka, wane Linux ne a filashin, kuma na wace shekara? Tsohon kwafi na iya shiga jerin korarru. Bayan ɓarakar tsaro ta BootHole da aka gano a GRUB a 2020 an soke tsofaffin hatimai da yawa, kuma sabuntawar Windows ta Agustan 2024 ta hana wasu kwamfutoci masu Windows da Linux tare tayar da Linux saboda tsohon shim. Sauko da sabon kwafi ka sake rubuta filashin a tsarin rabon faifai na GPT. Sau da yawa nan magana ke ƙarewa.

In sabo ne kuma ya ƙi, shiga BIOS da F2 ko Del, F10 a HP. A wasu sababbin laftof, musamman ThinkPad, hatimin da shim ke dogara da shi a kashe yake zuwa. Nemi layin da ya ambaci 3rd Party UEFI CA ka kunna. Ya fi kashe gadin gaba ɗaya.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu. Kafin ka taɓa kowane saiti, duba ko BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai da makullin sirri, na aiki. Guntun tsaro na kwamfutar, TPM, yana auna yanayin Secure Boot a kowane tashi. Da ya ga an sauya, sai ya ƙi sakin makullin faifan, Windows ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Babu lambar, babu fayiloli, kuma ba gwanin da zai fasa maka. Sa mai kwamfutar ya ciro lambar daga asusunsa na Microsoft ka gan ta da idonka, ka kwashe fayilolinsa a wani faifai, ka dakatar da BitLocker, sannan ka shiga BIOS. Kashe Fast Startup na Windows ma, domin yana barin faifan Windows a rabin barci, Linux ya ƙi rubutu a ciki.

A Acer saitin Secure Boot yakan zo a dushe, sai ka sa kalmar sirrin mai kula kafin ya buɗe. Rubuta ta ka ba mai kwamfuta. In kuma filash ya tashi amma bai ga faifan ajiya ba, wannan ba Secure Boot ba ne, saitin faifai na Intel RST ne; saitin AHCI ake komawa a BIOS, bayan an shirya Windows ta Safe Mode, in ba haka ba ita ma ta ƙi tashi.

Bayan girkawa, direban katin hoto na NVIDIA ko na manhajar VirtualBox na iya ƙin aiki don ba shi da hatimi. Nan MOK ke shigowa, wato makullin mai na'ura. Za a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, a tashi na gaba shuɗin allo ya fito. Kada ka wuce shi: zaɓi Enroll MOK, sa kalmar. Umarnin mokutil --sb-state zai nuna maka ko gadin a kunne yake.

Maɓallin goge dukkan makullai da ke cikin BIOS kuwa, bar shi sai hannunka ya faɗa. Katin hoto ma yana da tasa ƙaramar manhaja mai hatimin Microsoft. In ka cire hatimin ka zuba naka kaɗai, kana iya kunnawa ka ga baƙin allo, ko BIOS ɗin ba za ka gani ba balle ka gyara.