Mayot da Komoros: Wa Ya Ci Riba, Wanda Ya Zauna da Faransa Ko Wanda Ya Karɓi 'Yanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu kan tsibirin Mayot. Wani abokinmu ya ce mutanen wurin da kansu suka ƙi 'yancin kai, suka zaɓi zama ƙarƙashin Faransa, kuma yau sun fi 'yan'uwansu na Komoros jin daɗi nesa ba kusa ba. Ni kuwa na ce duk abin da za a ba mutum bai kai ya mulki kansa ba. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ku.

Tsibirai huɗu ne a jere cikin tekun Indiya, tsakanin Madagaska da gaɓar Mozambik: Ngazija, inda babban birni Moroni yake, da Mwali, da Anjuwan, sai Mayot, wadda mutanenta ke kira Maore. Kusan duk mazaunansu Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'iyya, harsunansu dangin Suwahili ne, ga auratayya tun kaka da kakanni. Daga Anjuwan zuwa Mayot kilomita 70 ne kacal. Yau uku na farko su ne ƙasar Komoros, mai kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta huɗun kuwa tun 2011 jiha ce ta Faransa, ta 101 a jerin jihohinta. Yuro ake kashewa a can, shugaban ƙasarsu kuma wanda ke zaune a Paris.

Kada ka ɗauka son Bature ne ya sa mutanen Mayot suka ƙi bin sauran. Tsoron maƙwabci ne. Faransa ta mallaki Mayot tun 1841, lokacin da sarkinta Andriantsoly, wanda abokan gaba suka matsa wa lamba, ya miƙa mata tsibirin da yarjejeniya. Sauran ukun sai a 1886 suka shiga hannu. Saboda haka fadar mulkin mallaka a Mayot take, a garin Zawuzi. Da aka yanke shawara a 1958 cewa za a mayar da hedikwata Moroni, sai ofisoshi da ma'aikata da albashinsu suka bi jirgin ruwa suka tafi, manyan Ngazija da Anjuwan masu yawan jama'a suka riƙe ragama. Matan Mayot ne suka fara tayar da ƙayar baya, ƙarƙashin jagorancin wata malamar makarantar allo, Zéna M'Déré. Sukan kewaye jami'in da aka turo daga Moroni su yi ta yi masa cakulkuli har ya zube ƙasa numfashi na neman ɗaukewa, ya yarda zai koma inda ya fito. Dabara ce: doka ta hana duka, amma ba ta ce komai a kan cakulkuli ba. Takensu a lokacin shi ne suna so su zauna da Faransa don su sami 'yanci, wato 'yanci daga manyan tsibiran.

Ranar 22 ga Disamba 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama. In aka haɗa tsibiran huɗu, kusan kashi 95 cikin ɗari sun zaɓi 'yanci. In aka ware Mayot ita kaɗai, kimanin kashi 63 sun ce a'a. Duk rigimar da ake yi har yau a kan yadda za a ƙirga ƙuri'ar nan take. Faransa ta ce kowane tsibiri da nasa lissafi. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin tsibiran a lokacin, ya ƙi jira, ya shelanta 'yancin Komoros ranar 6 ga Yuli 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta karɓe ta a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu. Da maganar ta je Kwamitin Sulhu a 1976, Faransa ta hau kujerar na ƙi. Ƙirga ƙuri'a yanki-yanki ba baƙon abu ba ne a wajenmu, haka aka yi a Kamarun Ingila a 1961, arewa ta shigo Najeriya, kudu ta bi Kamaru. Bambancin shi ne a can Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara haka tun kafin zaɓe, a Komoros kuwa sai da sakamako ya fito mai mulkin mallaka ya tsayar da hanyar da za ta bar masa tsibiri. Har gobe tutar Komoros taurari huɗu ne, ɗaya na Mayot.

To, ta fuskar aljihu abokinka ya ci gardama. In aka raba arzikin shekara a kan kowane mutum, na Mayot ya haura Yuro 10,000, na Komoros kuwa bai kai dala 2,000 ba. Malamin makaranta a Mayot albashin Faransa yake ɗauka, mai ciwon da ya fi ƙarfin asibitin Mamuzu, babban birnin Mayot, ana ɗaukarsa a jirgi zuwa tsibirin Reyuniyon na Faransa. Babbar shaida ma daga Komoros ta fito: a 1997 Anjuwan ta ɓalle, mutane suka fito da tutar Faransa suna roƙon ta dawo ta karɓe su. Faransa ta ce ba ta so. Ba kasafai za ka ji ƙasar da ta sami 'yanci wani yankinta ya nemi a mayar da shi hannun mai mulkin mallaka ba.

Amma ɗan Mayot ba da ɗan Anjuwan yake auna kansa ba, da ɗan Marsey da ɗan Paris yake aunawa, tunda takardar ɗan ƙasa ɗaya suke riƙe. A wannan ma'auni Mayot ce jiha mafi talauci a Faransa. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce kashi 77 cikin ɗari na mazauna tsibirin suna ƙasa da layin talauci. Tallafin da ake ba marasa aikin yi rabin na Faransa ne, mafi ƙarancin albashi ma ƙasa yake da na can, alhali kayan masarufi da jirgin ruwa ke kawowa sun fi tsada. Makarantun firamare da yawa karatun karɓa-karɓa ake yi, wasu yara da safe wasu da rana, don ajujuwa ba su isa ba. A 2023 fari ya kai ga famfo yana kawo ruwa kwana ɗaya cikin uku. A kan tuddan Kaweni, daf da babban birni, gidajen kwano ne jingine da juna, babu magudanar ruwa, wutar lantarki ta sata. Waɗannan gidaje ne guguwar Chido ta share ranar 14 ga Disamba 2024. Hukuma ta ƙirga gawa kusan 40, amma ita kanta ta ce lissafin da wuya, domin Musulmi ba sa kwana da gawa, kuma da yawa cikin marasa takardu sun ƙi zuwa mafaka don suna tsoron tarko ne na kama su.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi ɗauka da nauyi a duk maganar. Kafin 1995 mutum kan tashi daga Anjuwan ya je biki ko jana'iza ko asibiti a Mayot ya dawo, babu mai tambayarsa. A watan Janairun 1995 gwamnatin firaministan Faransa Édouard Balladur ta sa biza. Tun daga nan tafiyar ta koma ta dare, cikin ƙananan kwale-kwalen kamun kifi masu inji da ake kira kwasa-kwasa, ana cusa mutum talatin ko fiye a jirgin da aka yi don masunta kaɗan, har da masu juna biyu da marasa lafiya. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa tsakanin mutum 7,000 zuwa 10,000 ne suka halaka a wannan ɗan tsakanin. Duk da haka ana ta zuwa. Kusan rabin mazauna Mayot, waɗanda a hukumance sun kai 320,000, ba 'yan ƙasar Faransa ba ne, galibinsu daga Anjuwan. A yawancin shekaru ana mayar da fiye da mutum 20,000, wasu su bar 'ya'yansu a baya ba mai kula da su, yaran su tashi a titi, su zama 'yan dabar da ke tare hanya da adda.

Sakamakon shi ne ɗan'uwa ya koma abokin gaba. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Faransa na 2022, wannan tsibiri na Musulmi baƙar fata ya ba Marine Le Pen kusan kashi 59 na ƙuri'unsa, saboda ta yi alkawarin korar baƙi. Faransa kuma ta riƙa yi wa Mayot dokoki na daban: takardar zama da aka bayar a can ba ta kai mutum Paris, kuma tun 2018 aka tsaurara sharuɗɗan da ɗan da aka haifa a tsibirin zai zama ɗan ƙasa, aka ƙara tsaurarawa a 2025.

Akwai kuma kuɗin da aka biya ta fuskar addini, wanda na san zai dami majalisarku. Kafin Mayot ta zama jiha sai da aka karɓe shari'ar aure da gado daga hannun alƙalan Musulunci a 2010, aka bar su da sasanci da ba da shawara. Doka ta daina amincewa da sabon aure na mace fiye da ɗaya. Mutanen sun san da wannan sharaɗi, kuma a ƙuri'ar 2009 kashi 95 suka amince.

Yanzu ga naka ɓangaren. Kafin a ɗora wa 'yanci laifin talaucin Komoros, a tambaya wane irin 'yanci aka bar ta ta yi. Wata guda bayan shelar 1975 aka hamɓarar da Abdallah, kuma sojan haya Bafaranshe Bob Denard na cikin waɗanda suka ƙarasa aikin. A 1978 Denard ɗin ya dawo ya tumɓuke shugaba Ali Soilih ya mayar da Abdallah, ya zauna yana juya dakarun fadar shugaban ƙasa fiye da shekara goma, har aka kashe Abdallah a 1989 yana wurin. A 1995 ya sake dawowa. Juyin mulki da yunƙurinsa sun kai ashirin. Ba duka ne aikin baƙi ba, manyan ƙasar ma sun yi nasu: tsohon shugaba Ahmed Abdallah Sambi yana ɗaurin rai da rai tun 2022 kan badaƙalar sayar da fasfo ga marasa ƙasa na yankin Gulf. Kuɗin ƙasar, faran na Komoros, a ɗaure yake da Yuro bisa lamunin baitulmalin Faransa, tsarin da kai a Maraɗi ka sani sarai da sefa. Abin da take sayarwa waje bai wuce kanumfari da banila da man furen ilang-ilang na turare ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na arzikinta kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa ne, galibi daga Faransa.

Abin da 'yanci ya ba ta shi ne murya da suna. Tana cikin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, Larabci da Shikomori harsunan hukuma ne tare da Faransanci, shugabanta Azali Assoumani ya jagoranci Tarayyar Afirka a 2023, shekarar da aka ba tarayyar kujera a G20. Mutanen Garwa ta Kamaru ba za su manta daren Janairun 2022 da wannan 'yar ƙasa ta doke Ghana 3 da 2 a filinsu ta kore ta daga gasar Afirka ba. Ɗan Mayot ba shi da irin wannan dare. A wasannin tsibiran tekun Indiya ma ƙa'ida ta hana 'yan wasansa ɗaga tutar Faransa, da suka ɗaga a 2015 tawagar Komoros ta tattara kayanta ta fice.

In ka ce lallai in yanke hukunci, ga shi: uwar da ke neman inda za ta haihu lafiya Mayot za ta nufa, kuma ƙafafun mutane sun riga sun nuna haka. Amma wannan bai tabbatar da cewa ƙaramin tsibiri ba ya iya riƙe kansa ba. A cikin tekun nan Morishus ta karɓi 'yanci a 1968, Seshels a 1976. Ta farko tana kafaɗa da kafaɗa da Mayot a arzikin kowane mutum, ta biyu ta wuce ta, kuma da guminsu suka samu, ta hanyar sukari da masaƙu da baƙin yawon buɗe ido da kifi, alhali arzikin Mayot galibinsa albashi ne da kasafin da ake aikowa daga Paris. Ka gaya wa abokinka ya sa waɗannan biyun cikin lissafinsa kafin ku koma kan gardamar.