Amsa: Canza taimin bel na Camry a gida

Ɗan'uwa, ka ce za ka iya canza taimin bel (bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawuloli) na Camry ɗinka mai injin 5S-FE da kanka ba tare da ka kai wa bakanike ba? Za ka iya, matuƙar ba za ka ɗora sabon bel ɗin ba sai alamomi biyu sun zauna daidai. Tun tsohon bel yana nan, cire fulogogi, ka juya kiranshaf (sandar ƙasan inji da fistin ke juyawa) da sifana ta hannun dama har tsagar fulli ta tsaya a kan 0 na murfin bel na ƙasa. Sai ka leƙa ta ƙaramin ramin da ke jikin fullin kamshaf (sandar saman inji mai buɗe bawuloli) da tocila, dole ka hango alamar da ke bayansa. In ba ka gan ta ba, ƙara wa kiranshaf zagaye ɗaya cif.

Sharaɗin shi ne kada ka tayar da mota nan take. Bayan ka ɗora sabon bel ka saki tenshina (abin da ke ɗame bel ɗin), juya injin da hannu zagaye biyu ka sake duba alamomin. Ni na taɓa gaggawa, bel ya goce da haƙori ɗaya tak. Motar ta tashi, amma tana kakkarwa, ba ta da ƙarfin hawan tudu, sai da na sake kwance komai. Sa'ar da na ci ita ce a wannan injin fistin ba ya dukan bawul. Injin Honda Accord mai bel ba haka yake ba, in bel ya goce sosai bawuloli lanƙwashewa suke yi. Tunda ka buɗe, taɓa famfon ruwa ma, bel ɗin ne ke juya shi. In yana tsatsa ko girgiɗi, canza shi lokaci guda.