Mai muryar da ba ta zuwa gwaji

Tambaya: Malam, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni ne shugaban mawaƙa a wata ikkilisiya a cikin garin Katsina. Akwai wata 'yar'uwa da ta fi kowa murya, amma ba ta zuwa gwajin waƙa ranar Asabar, sai Lahadi ta zo ta karɓi makirfo. Sauran suna ta gunaguni, uku ma sun daina zuwa. In na hana ta, waƙarmu za ta yi rauni. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ni waɗannan ukun da suka daina zuwa sun fi damuna. Sun baro kasuwa da aiki kowace Asabar, sun biya kuɗin Keke Napep, sannan Lahadi suka ga wadda ba ta zo ba ita ce a gaba. Ko ba ka faɗa da baki ba, ka riga ka koya musu cewa a ƙungiyarku murya ta fi aminci daraja. Mutane abin da shugaba ya ƙyale suke ɗauka a matsayin doka.

Buɗe 1 Tarihi sura 25. Mawaƙan da Dawuda ya tsara a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun su 288 ne, aka raba su kashi 24, kowane kashi mutum 12. Aya ta 8 ta nuna ƙuri'a aka jefa wajen rabon aiki, babba da ƙarami, malami da almajiri, duk ɗaya. Ka ga ko a can gwanaye sun jira layinsu. Ka yi jadawali na wata guda, a rubuta wanda zai ja waƙa kowace Lahadi, a manna a bango. Sharaɗi guda ne: wanda bai zo gwaji ba, ba zai ja waƙa a wannan makon ba, sai dai in ya nemi izini tun da wuri. Amma kada ka zo da dokar a aljihu. Ku zauna gaba ɗaya, har da masu ganga da yaran da ke kula da na'urar sauti, su faɗi abin da za su iya riƙewa. Fasto ko dattijo ɗaya ya shaida. Kuma dokar ta fara hawa kanka ranar da ka makara.

Kafin wannan zama, je ka same ta, kamar yadda Matiyu 18:15 ta koyar. Da yake mace ce, ka nemi wata uwa daga Zumuntar Mata ta raka ka. Tambaya za ka fara yi. Wataƙila aikin asibiti take yi da Asabar, wataƙila maigidanta ne ba ya son ta kai dare a waje. In haka ne, matsar da lokacin gwaji ya fi sauƙi. In kuma ganin ta wuce koyo take yi, ka ba ta aikin koyar da 'yan mata biyu. Fitowa 35:34 ta nuna Bezalel da Oholiyab, ban da gwanintar hannu, an ba su baiwar koya wa wasu.

Maganar waƙa za ta yi rauni kuwa, gaskiya ne, za ta yi, wataƙila na wata biyu. Ku jure. A garuruwa irin Katsina da Daura, da yawa daga cikin mawaƙa ɗalibai ne, ko masu bautar ƙasa da shekara guda za su yi su tafi, ko iyalan sojoji da 'yan sanda da ake yi wa canjin wurin aiki. Ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya tafi sai ta koma zaune, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya sa nake son tsoffin waƙoƙin Littafin Waƙoƙi ke nan: jama'a sun haddace su, ko mai jan waƙa ya kuskure sai majami'a ta ɗauka. Ka sa sababbin su fara da irinsu.

Su ukun nan kuma kada ka aika musu saƙo ta WhatsApp. Taka ƙafa har gida, ka ce musu ka ga kuskurenka, ka gaya musu ranar da za a zauna.