Shawarar Lauya: Na gaji fuskokin dodannin Dan, wani Bature yana so ya saya

Tambaya: Mahaifinmu ya shekara talatin yana sayar da kayan sassaƙa a kasuwar Treichville da ke Abijan. Bayan rasuwarsa mun tarar da fuskokin katako guda uku na ƙabilar Dan a akwatinsa, waɗanda bai taɓa bajewa a shago ba. Wani dillali daga Faransa ya yi mini tayi, ya ce a saka su cikin kayan tsaraba a aika masa. Shin doka ta ba ni damar sayarwa?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku. Malam, tun farko ina ba ka shawara kada ka bi hanyar da dillalin ya nuna maka, domin ɓoye kayan tarihi cikin tsaraba fasa-ƙwauri ne, kuma sunanka ne zai kasance a takardar kwastan, ba nasa ba.

Kafin maganar Faransa akwai ta gida. Fuskokin nan dukiyar gado ce, kuma ko da shari'ar Musulunci kuka raba ko da dokar gado ta Kwaddibuwa, magaji ɗaya ba shi da ikon sayar da abin da ba a raba ba sai da yardar sauran. Ka nemi amincewar mahaifiyarku da 'yan'uwanka a rubuce.

Abin da zai yanke hukunci a kan komai shi ne yadda fuskokin suka bar hannun masu su. Mutanen Dan, da ke yammacin Kwaddibuwa wajen Man da Danané, da kuma yankin Nimba na Laberiya inda ake kiransu Gio, ba su ɗauki fuskar a matsayin katako kawai ba. Suna kiranta ge ko gle, kuma a wurinsu iskar daji ce ke bayyana ta cikinta. Akwai deangle mai santsin fuska da tsukakkun idanu, wadda ke nemo wa yaran da ke sansanin kaciya abinci, akwai gunye ge mai zagayayyun idanu ta gasar tsere, akwai kuma zakpai mai jan ƙyalle da ke bin gari tana hana barin wuta a kunne lokacin iskar rani. Irin wannan fuska sau da yawa ta dangi ce ko ta gari, saboda haka wanda ya sayar da ita shi kaɗai zai iya kasancewa ya sayar da abin da ba nasa ba. Ga shi kuma yaƙin Laberiya ya faro ne daga Nimba a ƙarshen 1989, rikicin Kwaddibuwa ya ci yankin Man a 2002, sannan a 2011 an wawashe gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Abijan. Duk mai saye na kirki zai tambayi inda kayanku suke a waɗannan shekaru. Ka binciko littafin cinikin marigayi, tsofaffin rasit, hotuna, da shaidar abokan sana'arsa da ke raye, a rubuta a sa hannu.

Kwaddibuwa tana da dokar kare kayan al'adu tun 1987, kuma tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya. Fitar da irin wannan kaya yana buƙatar takardar izini daga hukumomin al'adu. A can ɓangaren kuma, dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/880 ta haramta shigo da duk kayan al'adun da aka fitar daga ƙasarsu ba bisa ƙa'ida ba, komai ƙarancin shekarunsu. Idan akwai hauren giwa ko fatar damisa a jiki, yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ma ta shigo ciki.

Sai maganar farashi, wadda ta fi damuna. A 2021 wasu tsofaffin ma'aurata a Faransa sun sayar wa dillali wata fuskar ƙabilar Fang ta Gabon a kan Yuro 150, aka yi gwanjonta a Montpellier a 2022 a kan Yuro miliyan 4.2. Sun kai ƙara, amma a Disambar 2023 kotun garin Alès ta ƙi soke cinikin, tana ganin su ne ba su yi binciken darajar kayansu ba. Don haka a samo masani wanda ba shi da alaƙa da mai tayin ya duba su. Zai kuma iya yiwuwa ya ce sabon sassaƙa ne da aka tsufar da hayaƙi da goro, kamar yadda ka san ana yi a kasuwa. In haka ne, sayarwa halal ce a doka, muddin ba ka rubuta cewa an taɓa yin rawar al'ada da su ba, domin wannan zamba ce da za ta sa a soke cinikin a kuma bi ka diyya.

Idan takardu sun cika, ku nemi izinin fitarwa, ku sayar ta gidan gwanjo da rubutacciyar yarjejeniya, ko ku sayar a cikin ƙasa inda wahalar ta fi sauƙi. Idan kuwa bincike ya nuna an ɗauke su daga wani gari ba da yardar mutanensa ba, ra'ayina shi ne ku tuntuɓi gidan tarihi na ƙasa ta hannun lauya a shirya mayar da su. Kafin nan, a ɗauki hoton kowace fuska ciki da waje, kada a wanke ta ko a shafa mata mai.