Minti 10 a gaban aji: ki zo da matsaya, ki kawo hujjar masu ja da kanki

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki. Kin ce malaminku ya ba ki minti 10 ki tsaya gaban aji ki shawo kansu a kan wani batu, kin tara bayanai har sun cika shafi 25 a PowerPoint, amma abin da ke hana ki barci shi ne rawar murya da tsoron kada a jefo miki tambayar da ba ki da amsarta. Na yi irin wannan tsayuwa a lokacin da nake ɗalibi, daga baya kuma na daɗe ina zama a gefen malamai muna sauraron ɗalibai muna ba su maki, saboda haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Rawar murya ba ta cika kayar da ɗalibi ba. Shafukan nan 25 su ne suka fi ɗaga mini hankali, domin yawanci alama ce ta cewa mutum ya yi karatu sosai amma bai tsayar da magana ba tukuna. Akwai gabatarwar da aikinta ta sanar da mutane, akwai kuma wadda aikinta ta sa su canza ra'ayi ko su ɗauki mataki. Taki ta biyun ce. Kafin ki sake taɓa kwamfuta, ki ɗauki takarda ki rubuta jimla ɗaya tak wadda ta ƙunshi abin da kike so ajin ya yarda da shi. Idan kika rubuta "Zan yi magana a kan ɗakin karatu na jami'a", batu kawai kika ambata, ba wanda zai ce miki e ko a'a. Amma in kika rubuta "Ya kamata a bar ɗakin karatu a buɗe dare da rana a makonnin jarrabawa", to kin ɗauki matsaya, kuma za a samu wanda zai ce bai yarda ba. In dai jimlarki ba ta da mai musu, ba ki da wanda za ki shawo kansa. Daga nan sai ki bi shafukanki ɗaya bayan ɗaya, duk wanda bai tallafi wannan jimla ba ki cire shi, ko da kuwa kin sha wahala kafin ki samo shi. Na san cirewar da ciwo, amma ita ce rabin aikin.

Sannan ki tambayi kanki su waye za su zauna a gabanki. Malaman balaga suna cewa magana ba ta cika sai ta dace da halin da ake ciki da kuma wanda ake yi wa ita. Aristotle, masanin falsafa na Girka, shi ma tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce abu uku ne ke sa mutum ya yarda da mai magana: amincewa da shi kansa mai maganar, taɓa zuciyar mai sauraro, da ƙarfin hujja. A aji kina da masu sauraro iri biyu. Abokan karatunki suna so su ji inda abin ya shafe su. Malamin da ke riƙe da biro kuma yana neman inda hujjarki ta yi rauni. Labari ɗaya na gaskiya zai ishi na farko, amma na biyun sai kin nuna masa daga ina kika samo kowace ƙididdiga, waye ya fitar da ita, a wace shekara. Lambar da kika tsinta a intanet ba tare da asali ba, ki bar ta a inda kika gan ta. Malami ɗaya ya ce "a ina kika samo wannan?" kika yi shiru, to sauran lambobinki na gaskiya ma sun shiga zargi.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Yawancin ɗalibai suna ɓoye hujjar da ta fi ƙarfi a kan matsayarsu, suna addu'ar kada kowa ya tuna da ita. Ai kuwa ita ce tambayar farko da za a yi. Ki riga su. Ki kawo ta da bakinki, ki faɗe ta da irin ƙarfin da mai ita zai faɗe ta, sannan ki amsa.

An daɗe da gwada wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masanin halayyar ɗan Adam Carl Hovland da abokan aikinsa sun yi bincike a kan sojojin Amurka, aka wallafa shi a 1949. An so a gamsar da sojojin cewa yaƙi da Japan zai daɗe bai ƙare ba. Wasu aka jiyar da su hujjojin ɓangare ɗaya kawai, wasu kuma aka haɗa musu har da hujjojin da ke nuna akasin haka. Sakamakon ya nuna cewa waɗanda tun farko ba su yarda ba, da waɗanda suka fi zurfin karatu, sun fi canza ra'ayi idan aka kawo musu ɓangarorin biyu. To ajin jami'a fa? Masu karatu ne, kuma wanda kike son juyawa shi ne wanda bai yarda ba tun asali.

Na ga wata ɗaliba ta yi wannan a kan batun ɗakin karatun da na ba ki misali da shi, kuma har yau ina tuna yadda ta yi. Ta fara da hoto ɗaya a majigi: ɗalibai zaune a kan matakalar bene da daddare, littattafai a kan cinya, suna karatu da hasken fitilar baranda, ƙofar ɗakin karatun tana kulle a bayansu. Ba ta ce komai ba sai da kowa ya gama kallo, sannan ta faɗi matsayarta. Ta kawo sakamakon tambayoyin da ta yi wa 'yan ajinsu da kanta, ta kuma faɗa a fili cewa adadin bai kai a ce ya wakilci jami'a duka ba. Da ta kai tsakiya sai ta ce ta san abin da hukuma za ta ce: wa zai biya ma'aikatan dare, wa zai ɗauki nauyin wuta, wa zai tsare ɗalibai mata a hanyar komawa ɗakin kwana? Ta ce tambayoyi ne na gaskiya, shi ya sa ba ta neman a buɗe ginin duka duk shekara. Zaure ɗaya take nema, a makonnin jarrabawa kaɗai, a gwada na zango ɗaya a ƙirga masu shiga. Malamin da ke kusa da ni ya riga ya rubuta tambayar kuɗin nan a takardarsa, na ga ya soke ta da biro. Muryar yarinyar nan ta yi rawa a farko, takardar hannunta ma tana kaɗawa, amma ba wanda ya tuna da wannan lokacin ba da maki.

Ki lura, amsa hujjar masu ja ta sa ta rage abin da take nema har ya zama abin da za a iya yi. Sau da yawa haka ake yi: in kika zauna da hujjar ɗaya ɓangaren da zuciya ɗaya, matsayarki kan ɗan sauya, ta ƙara tsayawa da ƙafarta. Kada ki ji kunyar wannan.

Game da jeri, akwai tsarin da Alan Monroe na Jami'ar Purdue ya fitar a shekarun 1930, har yau ana koyar da shi. Ki ja hankali, ki nuna matsalar, ki kawo mafita, ki sa su hango yadda abin zai kasance in an yi ko in ba a yi ba, sannan ki faɗi matakin da kike so su ɗauka. Na ƙarshen nan ne ake yawan mantawa. Mutum ya yi bayani mai kyau, sai ya rufe da "to, iya abin da nake da shi ke nan". Ki gaya musu abin da za su yi: su sa hannu a takarda, su kaɗa ƙuri'a, su gwada abin na mako ɗaya. Kuma ki sani minti 10 gajere ne. Mai magana da Turanci a natse yana furta kalma 120 zuwa 150 a minti, wato duk jawabinki bai wuce kalma 1,200 zuwa 1,500 ba. Hujja uku masu ƙwari sun cika wannan lokaci.

Majigi kuma ba na son in daɗe a kansa. Shafi 6 zuwa 8 sun isa, rubutu kaɗan, manyan baƙaƙe. Mutum ba ya iya karanta sakin layi yana sauraronki a lokaci guda, ɗaya zai zaɓa. Kada ki juya wa mutane baya kina karanta musu allo. Ki kuma shirya yadda za ki yi in wuta ta ɗauke ko na'urar ta ƙi tashi.

Sai fargaba. Kada ki yi wa jawabin hadda kalma bayan kalma, domin mai hadda in kalma ɗaya ta kufce masa sai duka ya tsaya cak. Jimlolin buɗewa da na rufewa kawai za ki haddace, tsakiyar kuma ki riƙe ta da 'yan kalmomi a ƙaramar takarda. Ki yi gwaji a tsaye, da murya a sama, agogo yana tafiya. Karantawa a zuci ba gwaji ba ne. Ki ɗauki kanki da waya ki kalla, za ki ga inda kike gudu da inda kike cika "eh" da "am". Ki nufi gamawa a minti 9, saboda a ranar komai yakan ɗan ƙara tsawo. Bugun zuciya kuwa ba zai tafi ba, kuma ba sai ya tafi ba. Alison Wood Brooks ta Jami'ar Harvard ta wallafa bincike a 2014 inda waɗanda suka gaya wa kansu cewa zumuɗi suke yi kafin jawabi suka fi gamsar da masu auna su a kan waɗanda suka ce wa kansu sun natsu. Jikin da ke tsoro da jikin da ke zumuɗi kusan abu ɗaya suke yi, juya tsoron ya zama zumuɗi ya fi kashe shi sauƙi.

Wataƙila wani zai ce miki kalmomi kashi 7 cikin 100 ne kawai na saƙo, sauran duk murya ce da motsin jiki. Kada ki ɗauka. Daga binciken Albert Mehrabian na 1967 aka ciro wannan, kuma shi a kan yadda ake gane so ko ƙi daga kalma ɗaya ya yi aikinsa, ba a kan jawabi mai hujjoji ba. Ki tsaya daidai, ki dubi mutane a ido, ki ɗaga murya ta kai kujerar baya, amma ƙarfinki ki zuba shi a abin da za ki faɗa.

Lokacin tambayoyi, ki bari mai tambaya ya kai aya, ki maimaita tambayar a taƙaice don kowa ya ji, ke ma ki samu numfashi. In ba ki sani ba ki ce ba ki bincika wannan ɓangaren ba, sannan ki faɗi abin da kika sani kusa da shi. Malamai suna yafe "ban sani ba", amma ba sa yafe ƙirƙirar amsa. Tun yau ki samu ƙawarki mafi gardama, ki ba ta matsayarki ki ce ta yi iya ƙoƙarinta ta rushe ta. Duk abin da ta faɗa ki rubuta, mafi ƙarfinsa ki sa shi cikin jawabin, sauran ki tanadi amsarsu.

In kin rubuta jimlar matsayar taki, ki turo ta tare da hujjar da kika fi jin tsoro, mu duba su tare kafin ranar. Allah Ya ba da sa'a, Ya buɗa ƙirji.