Amsa: Ko jif za ta iya aikin motar kaya?

Malam, ka tambaya ko Highlander ɗinka za ta iya jigilar kayan shago tsakanin Katsina da Daura idan ka cire kujerun baya. Za ta iya, amma nauyi ne zai takura ka tun kafin wuri ya cika. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da kamfani ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, kuma wannan adadi ya haɗa da kai da yaron motarka. A irin waɗannan motoci bai cika wuce kilo 600 da wani abu ba, wato buhun shinkafa mai kilo 50 guda goma ya kusa cinye shi, alhali ido yana ganin saura fili. Idan aka riƙa wuce haka, sifirin da tayoyin baya ne suke fara gajiya, birki kuma ya daina kamawa da wuri, abin da ba ka so a ranar kasuwar Mai'adua da hanya take cike da dabbobi da babura.

Sai batun takardu. Lambar motar gida shuɗin rubutu gare ta, ta haya kuwa ja, don haka idan kayan wasu za ka ɗauka a biya ka, ka sauya rajista da inshora kafin jami'an VIO masu duba motoci su tare ka.

A ganina, idan kwalayen magani ne ko atamfofi, jif ta wadatar. Idan siminti ne ko hatsi, gara ka sayar da ita ka nemi Hiace ko a-kori-kura.